Baba Ya Kasa Haɗiye Tuwo, Gida Ya Rabu Uku

Tambaya:

Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana da shekara 63, manomi ne, yana kuma sayar da hatsi. Tun bayan girbi ya fara cewa loma tana tsaya masa a ƙirji. Da nama abin ya fara, sai tuwo, yanzu koko kaɗai ke wucewa, shi ma sai a hankali. Ya rame ƙwarai. An daɗe ana ba shi maganin olsa kafin mu kai shi asibitin koyarwa, suka zura masa kyamara ta baki suka ɗebi tsoka. Sakamako ya nuna ciwon daji ne a bututun abinci, daidai tsakiyar ƙirji, irin wanda suke kira sikwamos. Likita ya ce a yi hoton siti sikan, in bai bazu ba a fara da kemo, wato maganin daji da ake ɗaurawa ta jijiya, da gashi, wato haska ƙarin da na'ura, daga baya a duba batun tiyata. To gida ya rabu. Baffanmu ya ce daji ba ya son ƙarfe, duk wanda aka yanka ya tafi, a koma na gargajiya. Yayanmu da ke Abuja ya ce a sayar da gona a kai shi Indiya. Innarmu kuma ta ce kada wanda ya kuskura ya faɗa wa Baba sunan ciwon. Ni ce mai jinya. Yau sati uku ke nan ba mu yi hoton ba saboda an kasa tsayar da magana. Wace hanya za mu bi?

Wata 'yar'uwa daga jihar Katsina

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne layinta na ƙarshe, sati ukun nan. Baffa da Yaya suna jayayya a kan matakin da ba a iso ba tukuna, alhali abubuwa biyu da ke gabanku yau ba wanda ke musu a kansu: hoton da likita ya nema, da abin da zai shiga cikin Baba. Ku yi hoton a wannan makon. Ba ya buƙatar taron dangi, ba yanka ba ne, kuma ko Indiyan za a je, shi za su fara tambaya.

Hoton zai nuna ko ciwon yana nan a bututun abinci da kaluluwar da ke kewaye da shi, ko kuwa ya tsallaka hanta, huhu ko ƙashi. A nan hanya ta rabu biyu. In bai tsallaka ba, magani na neman warkewa ake yi. In ya tsallaka, abin da ake nema shi ne a buɗe masa hanyar abinci, a rage ciwo, a ja masa kwanaki cikin sauƙi gwargwadon abin da Allah ya ƙaddara. Saboda haka ranar da kuka koma da sakamako, ki dubi likita ki tambaye shi kai tsaye: "Wannan maganin na warkarwa ne ko na sassautawa?" Likitoci da yawa ba sa faɗa sai an tambaya, don suna jin nauyin iyali. Duk wata shawara ta kuɗi, ta tafiya, ta gona, a kan wannan amsa za ta hau.

Ba zan ɓoye miki ba, dajin bututun abinci yana cikin masu wuya. Bututun yana da laushi, yana buɗewa, shi ya sa ƙari kan daɗe yana girma kafin mutum ya ji loma ta tsaya. Ko a Amurka, da duk kayan aikinsu, in aka haɗa masu wannan ciwo gaba ɗaya, kusan mutum 1 cikin 5 ne ke kai shekara 5 bayan an gano shi. Amma cikin waɗanda aka samu ciwon bai bar bututun ba, adadin ya kusa rabi. Kin ga tazarar ba ƙarama ba ce, kuma lokaci ne ke ɗauke mutum daga cikin waɗanda ciwonsu bai bar bututun ba ya jefa shi cikin waɗanda nasu ya bazu.

Tsarin da likitanku ya faɗa ba ƙirƙirarsa ba ce, shi ake bi a manyan asibitocin duniya. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka fitar da sakamakonsa a 2012, shi ya kafa shi. An raba marasa lafiya sama da 360 gida biyu. Wasu tiyata kawai aka yi musu. Wasu kuma aka fara ba su kemo sau ɗaya a mako har mako 5, magunguna biyu, carboplatin da paclitaxel, tare da gashi sau 23, sannan aka yi tiyatar. Waɗanda aka yi wa tiyata kaɗai, matsakaicin abin da suka rayu wata 24 ne. Waɗanda aka fara da kemo da gashi kuwa wata 49. Ga kuma abin da ya shafi Baba kai tsaye: cikin masu irin nasa, wato sikwamos, kusan rabi da aka ciro bututun aka duba, ba a sami ko ƙwayar daji ɗaya da ta rage ba. Irin nasa yana jin gashi fiye da ɗayan nau'in, adinokasinoma, wanda ya fi fitowa a ƙasan bututun kusa da tumbi, aka kuma fi danganta shi da daɗaɗɗen ƙwarnafi da ƙiba.

Wannan ya kawo mu ga Baffa. Kada ki raina maganarsa, domin abin da ya gani da idonsa yake faɗa. Kowa a cikinmu ya san wani da aka yi wa aiki bai daɗe ba ya rasu. Sai dai in kika bi labarin a hankali, galibi za ki tarar an yi shekara ana jiƙe-jiƙe da turare, sai da ciwo ya ci jiki aka kai shi asibiti, aka buɗe aka tarar ya riga ya gama bazuwa. Wuƙa ta zo a makare, aka ɗora mata laifin. Ɗibar tsokar da aka yi wa Baba ba ta watsa masa ciwo ba, allurar kemo ma ba za ta watsa ba. Kuma abin da ya kamata Baffa ya sani shi ne, ba a ma zo maganar yanka ba. Kemo da gashi za su ci mako 5 zuwa 6, sannan a bar jiki ya huta kamar mako 6, a sake hoto, sai a zauna a yi shawara. A masu sikwamos, akwai tsari karɓaɓɓe na yin kemo da gashi mai ɗan yawa, kamar sau 28, a tsaya nan a riƙa sa ido, ba a yin tiyata sai in ciwon ya ƙi tafiya ko ya dawo. Haka ake yi wa wanda ƙarinsa yake can sama kusa da wuya, da wanda zuciyarsa ko huhunsa ba za su ɗauki babban aiki ba. Wato abin da Baffa ke tsoro yana can wata uku gaba, mai yiwuwa ma ba za a kai gare shi ba. Bai kamata ya hana abin da za a fara gobe ba.

In kuma an kai ga tiyatar, ki san babbar tiyata ce. Ana yanke sashen da ke da ciwo da kaluluwar da ke gefensa, a gyara tumbi ya zama kamar bututu, a jawo shi sama cikin ƙirji a ɗinke da abin da ya rage. Sai an kwana a sashen kulawa ta musamman, a yi sati biyu ko fiye a asibiti, kuma akwai haɗarin ɗinkin ya yi yoyo ko huhu ya kamu. Bayan an warke, cin abinci ya canza ke nan: kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, kwanciya kuma sai an ɗaga kai da ƙirji. Abin da aka tabbatar shi ne asibitin da ke yawan yin wannan aiki ya fi samun nasara a kan wanda ke yinsa jefi-jefi. Don haka ba rashin kunya ba ne ki tambayi likitan tiyata sau nawa suke yin irinsa a shekara. Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Nan ne maganar Yaya take da ɗan gurbi, amma ba yanzu ba. Carboplatin da paclitaxel ɗin da za a ɗaura wa Baba a Indiya ko Masar su ne dai ake ɗaurawa a nan. Sashen gashi akwai a Shika ta Zariya, da asibitin koyarwa na Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, da Ibadan da Legas, a 2025 kuma an buɗe sabuwar cibiyar masu ciwon daji a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. Matsalar da aka sani a ƙasar nan ita ce na'ura kan tsaya, layi kan yi tsawo. Kafin ku ɗauki dattijo mai rauni ku hau mota, a buga waya a tabbatar na'urar tana aiki, a ji yaushe za a iya fara masa. Gashi in an fara ba a son a katse, kullum ne Litinin zuwa Juma'a, don haka sai kun tanadi masauki kusa da asibitin. Wannan hidima ce da Yaya zai iya ɗauka tun da yana Abuja, ta fi amfani a yau fiye da neman mai sayen gona. In hoto ya nuna ciwon bai bazu ba, aka gama kemo da gashi, likitoci suka ce tiyata ce mafita, kuma ba a sami inda ake yawan yinta kusa ba, a lokacin sai a yi maganar fita waje da hujja. In kuwa ya riga ya bazu, jirgi ba zai canza wannan ba. Na sha ganin iyalai sun sayar da abin da za su dogara da shi, suka dawo da mara lafiya a gajiye da takardar da ke ɗauke da abin da likitan gida ya riga ya faɗa. Za ku kuma ji labarin sababbin magunguna masu zaburar da garkuwar jiki, irin su nivolumab da pembrolizumab. Gaskiya suna taimakon wasu, bayan tiyata ko in ciwo ya bazu, amma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma ƙari ne a kan tushen magani, ba madadinsa ba.

Yanzu bari in daɗe a kan abin da ke hannunki ke kaɗai, wato abinci. Mutane suna ɗaukarsa ƙaramin abu. Likitan kemo kuwa kafin ya rubuta magani sai ya dubi nauyin mara lafiya, da jininsa, da ƙodarsa, da ko yana iya tashi ya zaga da ƙafarsa. Mutane da yawa ba girman ƙari ne ya hana su maganin warkewa ba, rama ce. Sun iso asibiti jiki ba zai ɗauka ba.

Koko zalla ruwa ne da ɗan gasara, ba zai riƙe babban mutum ba. Tun da abin da ke wucewa kaɗan ne, dole kowane kofi ya zama mai nauyi. Ki dama kunun gyaɗa da madara, ki narkar da cokalin man shanu ko man gyaɗa a ciki. Ki dama fura da nono mai kyau ta yi laushi sosai, ki tace da rariya kada gudaji ya rage. Ki dafa ƙwai, ko kifi da aka cire wa ƙaya tsaf, ko naman kaza, ki markaɗa a bilenda da romo har ya zama ruwa-ruwa. Madarar waken suya, ayaba da aka markaɗa da madara, dankalin Hausa da aka dafa ya yi lugub aka dama, duk suna yi. Kada ki jira lokacin cin abincin gida. Ƙaramin kofi duk bayan awa biyu, yana zaune a miƙe, ya kurɓa a hankali, kada ya kwanta sai bayan kamar rabin awa ko fiye. Ki bar abin ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ban da mai tururi, ban da yaji. Ƙwayoyin magani kuma ki tambayi mai ba da magani a asibiti wanne ake iya daka wa, wanne ke da na ruwa, domin ba kowace ƙwaya ake fasawa ba. Ki samu sikeli guda, ki riƙa auna shi rana ɗaya a mako, ki rubuta a littafi ki je da shi asibiti. In yana shan taba ko yana tauna ta, a daina yau.

In duk da haka nauyi yana ta sauka, ki roƙi likita a yi maganar robar ciyarwa tun kafin a fara magani. Akwai siririya da ake zurawa ta hanci, akwai wadda ake sawa ta fatar ciki. In ana sa ran tiyata nan gaba, likitoci sun fi son a sa ta a ƙaramin hanji, a bar tumbi lafiya lau tun da shi za a jawo sama. Na san yadda mutanenmu ke kallon roba, da an gan ta sai a fara salati a ce an zo ƙarshe. Ga Baba ba haka ba ne. Gashi kan sa cikin bututun ya yi ɗanye wajen mako na uku, haɗiya ta ƙara wuya kafin ta yi sauƙi, robar ce za ta riƙe shi ya ƙarasa maganin. In haɗiya ta dawo sai a cire.

Akwai kuma wata 'yar raga ta ƙarfe mai kama da bututu, sitent, da ake sawa ta baki ta buɗe wurin da ya tsuke. Cikin kwana ɗaya ko biyu mutum ya koma shan kunu mai kauri da abinci mai laushi. Ga wanda ciwonsa ya bazu babbar rahama ce. Amma ga wanda ake shirin yi wa gashi da tiyata don warkewa, galibi likitoci ba sa son a fara da ita, don tana iya zamewa in ƙarin ya motse, ko ta kawo matsala wajen aikin. Kada wani ya yi muku gaggawar sa ta kafin a san matakin ciwon.

Gashin kansa ba wuta ake sa wa mutum ba. Zai kwanta na 'yan mintoci, na'ura ta zaga, bai ji komai ba ya tashi. Ba ya ɗauko wani abu da zai cutar da jikoki in sun zauna kusa da shi. Gajiya ce ke taruwa a hankali. Kemo kuma yana iya kawo tashin zuciya, wanda akwai maganinsa, da zubar gashin kai, da raguwar fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Wannan na ƙarshe shi ne abin tsoro. In yana cikin kemo jikinsa ya yi zafi, ma'auni ya nuna 38 ko sama, kada a ce maleriya ce a aika yaro kemis. Asibiti za a nufa a daren, a faɗa musu yana kan kemo. Haka in ya kasa haɗiye ko da yawunsa, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko ya zama duk kurɓar da ya yi sai tari ya sarƙe shi. Tarin nan na iya nufin abin sha yana bi ta hanyar iska zuwa huhu.

Game da na gargajiya, addu'a da tofi da zamzam da ɗan zuma ba wanda zai hana ku, ku yawaita ma. Abin da nake jin tsoro shi ne jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, musamman mai sa gudawa ko amai da sunan wanke ciki. Mutumin da ke shan kofi uku a wuni ba shi da ruwan da zai zubar, kuma ƙoda da hanta su ne za su tace kemo. Duk abin da ake ba shi, a faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba. In ciwo ya yi tsanani kuma aka rubuta masa mofin, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, ku ba shi yadda aka tsara. Ba ya nufin an fid da rai, kuma barin dattijo yana murƙususu ba tausayi ba ne.

Saura maganar Inna, kuma a nan zan saɓa mata da ladabi. Mutumin da ya yi shekaru yana auna hatsi a kasuwa, ya ga wandonsa yana zamewa, ya ga ana yin shiru in ya shigo ɗaki, ya riga ya san ba olsa ba ce. Abin da ɓoyewar ke yi kawai shi ne ta bar shi yana tunanin shi kaɗai. Shi ne zai sa hannu a takardar yarda da magani. Shi ne zai kwanta ƙarƙashin na'ura sau ashirin da wani abu a sashen da kowa ya san na masu daji ne. Gonar da ake maganar sayarwa tasa ce. Wataƙila akwai bashi da yake son biya, ko amanar wani a hannunsa, ko wasiyya, kuma addini ya ba shi wannan haƙƙi tun yana da ƙarfin magana. Ba na cewa a faɗa masa gatsau. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance, ke da Inna ko wani amininsa da yake jin maganarsa, ki ce: "Baba, sakamako ya fito. Kana so likita ya yi maka bayani duka, ko ka fi so mu riƙa ji muna faɗa maka?" Wasu dattawan za su ce ku dai ku yi abin da ya dace, to an ba shi zaɓi ya zaɓa. Da yawa kuma za su ce a faɗa musu, sai ki ga sun fi 'ya'yansu dauriya. Inna tsoro take ji kada jin sunan ya karya shi, ki lallashe ta, kada ki yi mata gardama a gaban mutane.

Ke ma kada ki ɗauki jinyar nan ke kaɗai, wata biyu zuwa uku ne a ƙalla na zirga-zirga. A raba kwana tun yanzu, a san wa ke dafawa, wa ke rakiya, wa ke riƙe da takardu. Takardun nan, sakamakon tsoka da hotuna da na jini, a haɗa su a jaka ɗaya, ki kuma ɗauki hotonsu a waya.

Ranar da za ku koma asibiti da hoton, ki roƙi Baffa ya raka ku. Ki ce masa shi ne babba, bai kamata a yanke magana ba ya nan ba. Ya zauna gaban likita ya yi tambayarsa ta ƙarfe da bakinsa, Yaya kuma a kira shi a waya a sa a sifika ya yi tasa ta Indiya. Amsar da suka ji daga likita da kunnensu za ta fi shiga fiye da wadda 'yar ɗan'uwa ko ƙanwa ta kawo musu gida.